Amsoshin Tambayoyinku: Safar Hannu, Ƙaiƙayi da Kwalin Jabu

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, kuma duk a kan roba suke.

Ta farko daga wata unguwarzoma ce a Funtuwa. Ta ce: "Baba, wata biyu ke nan duk na sa safar hannu sai hannuna ya yi ja ya ɗau ƙaiƙayi, wani lokaci har da atishawa da hawaye. An ce in nemi mai ƙarancin furotin. Tsorona kar abin ya raba ni da aikina."

Kwantar da hankalinki, 'yata, ba a kanki farau ba, kuma in sha Allahu ba zai raba ki da aiki ba. Robar asali ruwan itace ce, fari kamar madara, ana tsaga ɓawon a tare shi a ɗan kofi. Asalin itacen daga dajin Amazon yake, yau Tailan ce kan gaba a nomansa, mu ma ana noma shi a Edo da Delta da Kuros Riba. A cikin ruwan akwai furotin kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, shi ne jikin wasu ba ya so. Masana'antu kan zuba sinadarin da ke narkar da shi, su wanke, su tace da injin juyi, sai a sami roba tatacciya. Amma ki lura, rage shi aka yi, ba a kawar da shi duka ba. Tana taimakon wanda bai kamu ba tukuna. Ke da har kin kai ga atishawa, ba taki ba ce. Ki koma wadda aka rubuta nitrile a kwalinta, haɗin sinadarai ce, babu ruwan itace a ciki. Ki ga likita a makon nan, ki faɗa masa idan ayaba na sa bakinki ƙaiƙayi, don ƙaiƙayin ayaba da na roba sukan zo tare. Duk ranar da za a yi miki tiyata ko aikin haƙori, ki sanar tun kafin a taɓa ki. In kuwa numfashi ya taɓa sarƙe miki, ba a jiran gobe.

Wani mai ƙaramar masana'antar silifa a Kano ya tambaya ko ya riƙa sayo tatacciyar robar don kayansa su fi na abokan gasa.

Haba Alhaji! Silifar shiga banɗaki? Abin da ya sa injiniyoyi ke biyan tsadarta shi ne ba ta shan ruwa sosai, kuma ba ta saurin lotsawa in nauyi ya daɗe a kanta. Shi ya sa ake nemanta a robar da injin mota ke zama a kai, da kayan rage girgiza, da wasu kayan asibiti. Mai sayen silifarka ba zai ƙara maka ko naira ɗaya ba. Riƙe kuɗinka ka sayi dizal.

Ta uku ce ta ɓata mini rai. Wani mai kemis ya ce an kawo masa katan-katan na safar hannu a rabin kuɗin kasuwa, an rubuta musu ƙarancin furotin, ya saya?

Malam, kai ma ka san amsa, so kake in ɗauke maka nauyi. Rubutu a kwali ba shaida ba ne, duk mai injin ɗab'i zai iya buga shi. Furotin ba ya ganuwa da ido, ba a jin sa a hannu, sai a ɗakin gwaji. Wanda ya yi wahalar tace roba ba zai sayar da ita ƙasa da wadda ba a tace ba, araha ba ta ado. Mafi yawan safar hannun duniya daga Malesiya da maƙwabtanta suke fitowa, to ka duba: akwai sunan kamfani da adireshinsa? Akwai lambar NAFDAC, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar aiki, ko an manna wata takarda a kan tsohuwar?

Sannan ka buɗe kwali. In ka ga hoda, ajiye. Hodar garin masara ce, tana kwasar furotin ta tashi da shi cikin iska, mai aiki da majinyaci duk su shaƙa. Amurka ta haramta safar likitoci mai hoda tun farkon 2017, amma har yau ana turo mana ita, mu kuma muna murna wai ta fi saurin shiga hannu. Ka ja ɗaya ka gani. Wadda ta yi danƙo, ko ta canza launi, ko ta tsage da ja ɗaya, zafi ya riga ya cinye ta. Na taɓa shiga wani shago a watan Afrilu na tarar da katan-katan jibge a ƙarƙashin kwano, rana na dukansu ta taga, mai shagon kuma yana rantsuwa sababbi ne. Ko ta gaske ce, wannan ajiyar ta gama da ita.

Kuma masu sayarwa ɗai-ɗai a leda, ba kwali ba suna, ka san ko wankakku ne? Wadda za ta sa safar nan wataƙila haihuwa za ta karɓa, hannunta cikin jini. Mayar wa waɗanda suka kawo maka katan-katan ɗin da kayansu, kuma in sun dawo da wani kwalin, ka nemi takardar shigo da kaya kafin ka ba su wurin zama.