Dabinon da ya ƙi ƙwallo, da lissafin kwanakin ɗaukar ciki

Tambaya: Na shuka dabino guda 9 daga ƙwallo, yau shekara 7. Huɗu suna fitar da 'ya'ya, amma ƙanana ne, babu ƙwallo a ciki, ba sa nuna sai dai su zube. Ko taki ne bai ishe su ba? (Manomi daga Gumel)

Amsa: Malam, ba taki ba ne, barbara ce ba a yi musu ba. Dabino akwai namiji akwai mace, kowanne da bishiyarsa. Wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza ne, kuma ba ka ganewa sai sun yi fure. Furen macen yana da gurbi uku. Idan garin furen namiji ya same shi, ɗaya ne zai girma ya yi ƙwallo, biyu su mutu. Idan bai samu ba, sai ukun su taso tare a tsumbure, irin waɗanda kake gani.

Iska tana ɗaukar garin, amma ba a dogara da ita. Ka duba sauran biyar ɗin: kuben da ke rufe furen namiji gajere ne mai faɗi, furensa fari ne a cunkushe, in ka girgiza gari zai tashi. Yanke kuben da zarar ya fara tsagewa, ka ware silin furen, ka shanya a inuwa kan takarda kwana 2 zuwa 3. Rana kai tsaye tana kashe shi, laima kuma tana sa shi ya yi fumfuna.

Sai ka sa ido a kan macen. Kwana 2 zuwa 4 na farko bayan kubenta ya buɗe su ne lokacin aiki, mafi kyau da hantsi bayan raɓa ta bushe. Ɗauki sili 3 ko 4 na namiji, ka karkaɗa a kan nonon, ka cusa su tsakiya kai a ƙasa, ka ɗaure sako-sako da ganyen dabino. Nonna ba sa buɗewa rana ɗaya, don haka hawa ɗaya ba ya isa, kuma nan ne yawancin masu lambu ke yin asara. Namiji ɗaya mai kyau yana isar mata kusan 50, ba sai ka tara maza suna shan ruwa a banza ba. Nan gaba ka dasa 'yan tsiron da ke fita a gindin mace mai daɗin 'ya'ya, su jinsin uwarsu suke ɗauka. Tashar binciken dabino ta NIFOR (cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya) da ke Dutse ba ta da nisa da kai.

Tambaya: Shekarata 2 da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Al'adata tana zuwa duk kwana 32. Na sha magunguna iri-iri, maigida kuwa bai taɓa zuwa asibiti ba. Me zan yi? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, mu fara da lissafi. Ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ana ƙirge daga ranar farko da kika ga jini. Mai kwana 28 nata yana fita wajen rana ta 14, ke mai 32 wajen rana ta 18. Ƙwan awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa, amma ƙwayoyin maniyyi suna iya kai kwana 5 a jikin mace. Saboda haka kwanakinki su ne daga rana ta 13 zuwa ta 18, a riƙa saduwa kullum ko bayan kwana ɗaiɗai. Alamar kusantar fitar ƙwan ita ce farin ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai.

Amma shekara guda ana tare ba tare da ciki ba ta isa a je asibiti, wata 6 ma ga wadda ta kai 35. Ku biyun za ku je. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin saduwa ba shaida ba ne, mutum yana iya zama lafiya lau a shimfiɗa alhali ƙwayoyin sun yi ƙaranci ko ba sa motsi. Hangum bayan balaga, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba, da kumburin jijiyoyin maraina duk suna jawo haka.

Gwajin maniyyin maigida ne mafi sauƙi da araha, da shi ya kamata a fara. Zai ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, a kai maniyyin zuwa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa. In sakamako bai yi kyau ba a sake bayan wata 3, domin ƙwayar tana ɗaukar sama da kwana 70 kafin ta ƙosa, zazzaɓi mai zafi ma yana iya rage ta na ɗan lokaci.

Ke kuma za a duba ko ƙwai yana fita, a ɗauki hoton bututun mahaifa ko sun toshe. Kafin nan ki dakata da matsi da maganin saka ƙwai na kemis, wanda ba ya buɗe bututun da ya toshe.