Amsar tambayarki kan daren bakwai ga watan bakwai

'Yata, saƙonki ya iso, na ji daɗi da kika ce kin fara sabawa da abincinsu. Kin ce 'yan matan da kuke ɗakin kwana ɗaya sun gaya miki bikin masoyan ƙasar Sin ya kusa, wanda suke kira Qixi, har sun gayyace ki zaman zura zare a allura. Kina tambaya daga ina abin ya samo asali, me ya haɗa allura da soyayya, kuma ko ya dace ki je. To, bari in gaya miki abin da na gani da wanda na ji a shekarun da na yi ina zuwa Guangzhou sarin kaya.

Sunan, da suke furtawa kamar "Cishi", yana nufin daren bakwai, wato bakwai ga watan bakwai a lissafinsu na wata. Lissafin nasu ba ya zagaya shekara kamar namu na Hijira, domin sukan ƙara wata guda bayan shekara biyu ko uku, shi ya sa bikin yake yawan faɗowa cikin Agusta. A 2024 ya zo 10 ga Agusta, a 2025 kuma 29 ga wata.

Labarin daga sama ya sauko. Akwai taurari biyu masu haske da ake gani a wannan lokaci, farin zanen nan na ƙananan taurari ya ratsa tsakaninsu kamar kogi. Turawa na kiransu Vega da Altair, sunayen kuwa daga Larabci suka aro su. Sinawa suka ce ɗayar Zhinu ce, masaƙiya, ɗayan kuma Niulang, makiyayi. An ambace su tun a Shijing, tsohon kundin waƙoƙinsu da ya haura shekara 2,500, sai dai a can ba a yi zancen ƙauna ba tukuna. A zamanin daular Han, daga shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 220 bayanta, aka mai da su masoyan da kogi ya raba.

Ga yadda tsofaffinsu ke bayarwa. Makiyayin maraya ne, yayansa da matar yayan suka kore shi, bai fita da komai ba sai tsohon sa guda. Masaƙiyar kuwa 'yar gidan sarautar sama ce, aikinta saƙa gizagizai. Ta sauko wanka ita da 'yan uwanta, sai tsohon san ya ba makiyayin shawara ya ɓoye tufarta. Wannan gaɓar ba ta taɓa yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Suka yi aure, suka haifi ɗa da 'ya, shi yana noma ita tana saƙa. Da labari ya kai sama, aka zo aka tafi da ita. Kafin san ya mutu ya ce a adana fatarsa, sai makiyayi ya yafa ta, ya zuba yaran a kwanduna biyu, ya rataya a sanda bisa kafaɗa, ya bi ta. Yana dab da cim mata sai uwar sarautar sama ta zare tsinken gashinta ta ja layi, kogi ya ɓalle a tsakaninsu. In kin duba tauraron makiyayin da kyau za ki ga ƙanana biyu, ɗaya a kowane gefe. Su ne yaran.

Daga ƙarshe aka yarda su sadu sau ɗaya a shekara. A daren, wasu tsuntsaye 'yan uwan hankaka, masu baƙi da fari da doguwar wutsiya, sukan haɗa jikinsu su zama gada. In an yi ruwa ranar, sai a ce hawayensu ne. Gadar nan ta shiga ransu sosai, har tauraron ɗan'adam da suka harba a 2018 don sadarwa da bayan duniyar wata sunanta suka sa masa, Queqiao.

Yanzu ga zancen allura. Asalin bikin na 'yan mata ne, ba na saurayi da budurwa ba. Ɗaya sunansa Qiqiao, wato roƙon gwaninta. Yarinya takan zauna a hasken jinjirin wata ta zura zare a kafar allura, wasu ma allura bakwai a jere, wadda ta riga gamawa ita ce gwana. Wasu sukan ɗora allura a kan ruwan ƙwarya da rana, su duba siffar inuwarta a ƙasa. Wasu su rufe gizo-gizo a ƙaramin akwati, da safe in ya yi saƙa mai kauri, sai a ce hannun yarinyar zai yi albarka.

Wata shekara matar da nake sayen yadi a wurinta ta kai ni Zhucun, wani tsohon ƙauye da birnin Guangzhou ya haɗiye. Na ga dogayen tebura cike da aikin hannu: gidaje, furanni, takalma da ba su kai ɗan yatsa ba, wasu da ƙwayar shinkafa da riɗi aka jera su ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa tana zaune gefe tana manna riɗi da ɗan tsinke, hannunta ko rawa ba ya yi. Wallahi sai da na tuna kakarki da mazarinta da allin kaɗi, yadda take murza abawa tana hira ba ta ko kallon zaren. Na daɗe a tsaye a wurin.

Furanni da kyautar kuɗi ta manhajar WeChat da kike gani yanzu, 'yan kasuwa ne suka ƙarfafa su a 'yan shekarun nan, suna kwaikwayon ranar masoya ta 14 ga Fabrairu. Za ki ji ana tura yuan 520, wato kuɗinsu, domin furucin lambar ya yi kama da "ina son ki" a harshensu. A 2006 gwamnatinsu ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na ƙasa. A Japan ana kiransa Tanabata, a Koriya kuma Chilseok. Ni dai abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne miji da mata ne, har da 'ya'ya, nisa ya raba su kuma ba wanda ya sauya. Na san zafin barin yara a gida in yi wata guda a wata ƙasa.

Batun zuwanki kuwa, ki je ki zauna da su, ki zura zarenki, ai kin iya tun kina ɗinkin hula. Amma in kin ga an jera 'ya'yan itace an kunna turare ana rusuna wa tauraruwa ana roƙonta, ki ja gefe cikin ladabi, mu Allah kaɗai muke roƙo. Za su ba ki wani soyayyen fulawa mai zaƙi da suke kira qiaoguo, kamar cincin ɗinmu. Ki tambayi irin man da aka yi shi da shi kafin ki kai baki, don wasu da kitsen alade suke kwaɓawa.

In sama ta yi garau a daren, ki fita bayan isha ki ɗaga kai, masaƙiyar tana can kusan tsakar ka, ita ce mafi haske. Ki kira ni ki gaya mini ko kin hango yaran biyu.

Gwaggonki