Amsa ga mai labarin yaƙin da ya maƙale a babi na huɗu

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin fara ƙagaggen labari a kan yaƙi, kina kai wa babi na huɗu karsashin ya mutu, yau wata biyar ba ki ƙara ko layi ba. Zuciyarki kuma tana raya miki cewa ke da ba ki taɓa jin ƙarar igwa ba, ina ke ina rubuta yaƙi. Sannan kina tambaya ko shiga da'irar marubutan da ke kusa da ke zai tsinana wani abu. Ni nawa a babi na shida ya cije, shekara biyu yana kwance a ƙasan akwati, don haka kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Mu fara kawar da maganar rashin gani. An haifi marubucin Amurka Stephen Crane a 1871, shekara shida bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, amma labarin da ya fitar a 1895 kan wannan yaƙi sai da ya sa wasu tsofaffin sojoji suka zaci da shi aka fafata. Abin da ya yi kawai, ya duƙufa karanta abin da 'yan mazan jiya suka rubuta a mujallu. Marubucin Rasha Tolstoy ya yi aikin soja a Sebastopol, gaskiya ne, sai dai yaƙin da ya fi shahara da rubutawa na 1812 ne, wanda Napoleon ya kai wa Rasha, shi kuwa sai 1828 ya zo duniya. A 1867 takanas ya je Borodino, filin dagar wannan yaƙi, don ya ga yadda wurin yake. Waɗanda suka ga wutar da idonsu ma ba nan take alƙalami ya ba su haɗin kai ba. Marubucin Jamus Remarque ya ji rauni a bakin daga a 1917, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, littafinsa sai 1929. Marubucin Amurka Vonnegut yana fursunan yaƙi a Dresden ta Jamus lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1945, nasa bai fito ba sai 1969. Shekara 24 ke nan. Wata biyar ɗinki ko ɗumi bai yi ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Ni na daɗe ina ɗora laifin a kan kasala da hidimar yara, ashe ba nan gizo ke saƙar ba, kuma a da'irarmu na gano.

Ba mu da yawa, wani zaman mu tara, wani mu sha biyu. Asabar ɗin farkon wata muke haɗuwa a barandar wani ɗakin karatu, kan bencina. Doka biyu ce: shafi biyar za ka karanta da bakinka, kuma in an fara sharhi ka kama bakinka har a gama. Ranar da na daure na ɗauko babin nan na shida, wata 'yar da'irar ta zo da mahaifinta, tsohon soja, don daga asibiti suke, ba ta son ta makara. Ya zauna can gefe, sanda tsakanin gwiwoyi. Na karanta yadda tauraron labarina ya kwana uku yana ɗauki-ba-daɗi, harsashi na wuce kunnensa, ya ceci abokinsa, ya tsallake kogi. Aka tafa. Wannan ya ce salo ya yi, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Sai tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "'Yata, wannan yaron naki, yaushe ya cire takalmi?"

Na yi zuru. Ya ce wanda ya ratsa ruwa ya kwana uku ƙafa cikin takalmin soja, tafin ƙafarsa fari yake komawa, ya yi laushi, ya tattare, ranar da zai cire kuwa sai ya nemi inda ba kowa don kada ƙananan kurata su ga yana hawaye. Ya ce shi abin da ya fi tunawa zaman jira ne. A ce ku shirya, ku shirya, rana ta faɗi ba a tashi ba. Ƙishirwa, kwarkwata a ɗinkin kaki, wani kofur da ke ƙirga kwanakin cikin matarsa da tsinken ashana. Ko sau ɗaya bai ambaci harbi ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanyar gida na gane abin da ya kashe mini gwiwa. Fim nake kwafa. Yaron ba shi da jiki, ba ya jin fitsari, ba ya kewar kowa, to me zan tashi da asuba in je nema wurinsa? Marubuci yana komawa kan takarda ne in akwai abin da shi kansa bai sani ba game da mutumin da ya ƙirƙira. Ni na riga na san zai ci nasara tun shafin farko, shi ya sa na gundura kafin mai karatu ya gundura.

Daga baya na ga ba ni kaɗai aka taɓa yi wa irin wannan tsayarwar ba. Vonnegut da kansa ya ba da labari a farkon littafinsa cewa matar wani abokinsa da suka yi yaƙi tare ta fusata da shi, don tana ganin zai mayar da su jarumawan fim alhali yara ne ƙanana aka tura. Maganarta ce ta saita masa hanya. Tunda kuma ke mace ce, ki nemi aikin Svetlana Alexievich ta Belarus, wadda ta ci kyautar Nobel a 2015. Ɗaruruwan matan Tarayyar Sobiyet da suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu ta zauna da su, masu jinya, masu wanki, gwanayen harbi, littafin ya fito a 1985. Abin da ya tsaya wa da yawansu a rai shi ne ranar da aka datse musu gashi, da takalman maza da suka yi musu yawa.

To ki shiga da'irar, amma da ido buɗe. Wata da'irar yabon juna ce zalla, a tafa maka ka tafa wa wani, a watse. Irin wannan ta fi zama a gida illa, don za ki fito kina jin kin gama alhali ba ki fara ba. Akwai kuma mai son ya rubuta labarinsa da hannunki. Ni abin da na koya, in mutum uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai rami a wurin. Maganin da za su ba ki kuwa ba dole ki sha ba. Babban amfaninta gare ni ma ba sharhin ba ne, kunya ce. Sanin cewa ranar Asabar mutum goma za su zuba mini ido ya fitar da shafuka fiye da duk wata ilhama da na zauna jira.

Abu biyu game da yaƙi musamman. In a cikinku akwai wanda danginsa suke ɗaya ɓangaren na rikicin da kike rubutawa, ki riƙe shi da kyau, shi zai kama ki duk inda kika bar abokan gaba ba suna ba uwa. In kuma kin samu ɗan mazan jiya ko matar da ta yi gudun hijira, kada ki tambayi wa ya mutu a gabansu. Tambayi yadda suke wanka, me suka ɗauka da za su fita, wa ya riƙe makullin gida. In sun yi shiru ki bar su, kuma kada sunan kowa ya shiga littafi.

Na sake babin gaba ɗaya, faɗan ya koma sakin layi biyu, cire takalmin ya ci shafi uku. Na ba 'yar tsohon ta karanta masa a gida. Wata na zagayowa ta kawo mini takardun, ya sa ta ja layi a wuri guda. Wai in gyara: safar ba a zare ta, da reza ake tsaga ta.