Chris Stapleton: Kantiri Yake Yi Ko Bulus?

Malam, ka tambaya ko Chris Stapleton mawaƙin kantiri (country, kiɗan mutanen karkarar Amurka) ne ko na bulus (blues, kiɗa mai sosa rai da ya samo asali daga baƙaƙen fatan Amurka). Ni dai a ganina duka biyun ne. An haife shi a jihar Kentucky ta Amurka a 1978, mahaifinsa yana aiki a mahaƙar kwal. A 2001 ya koma birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ya daɗe yana rubuta wa manyan mawaƙa waƙoƙi kafin faifansa Traveller ya fito a 2015.

Ka saurari yadda yake jan murya, da kaushinta, da yadda jitarsa take kuka. Wannan bulus ne tsantsa, wallahi har tsigar jiki ke tashi. Yana kuma taɓa kiɗan rok na talakawan tsakiyar Amurka, wanda sautinsa ya fi bayyana a faifansa na 2020, inda makaɗa biyu na ƙungiyar Tom Petty, mawaƙin rok na Amurka, suka taya shi.