Amsa ga Hajiya kan 1 ga Mayu a ƙasar Ailan

Salamu alaikum. Hajiya, kin ce ko bikin furanni ne mutanen Ailan suke yi ran 1 ga Mayu. A'a. Sunansa Bealtaine, mafarin bazararsu, kuma maganar gaba ɗaya ta man shanu ce. A da, ranar ake kora shanu zuwa makiyayar tudu, ba su dawowa sai 1 ga Nuwamba. A wancan zamanin, ranar kuma ake biyan kuɗin hayar gona na rabin shekara, to wanda nononsa ya lalace ya shiga uku.

Shi ya sa a da ran nan ba a ba maƙwabci garwashi, ba a ba da gishiri, ba a ba da nono. A ganinsu duk abin da ya fita gida, albarkar shekara ta bi shi. Wasu ma ba sa hura wuta da wuri, kada hayaƙinsu ya riga na kowa tashi. Furannin da kika gani, rawaya ne, ana watsa su bakin ƙofa da taga tun daren 30 ga Afrilu don tare aljanu. Reshen wata bishiya mai suna rowan kuma a ɗaura a wutsiyar saniya da jikin gangar burka.

A da sun yarda akwai wata tsohuwa, ɓarauniyar albarkar man shanu. Wai da asuba take jan igiyar dabaibayi a kan raɓar makiyayar maƙwabta, ko ta riga ki ɗiban ruwan farko a rijiya, ko ta rikiɗe zomo ta tsotse shanu. Sai ki yi ta burka, kumfa kawai, mai ya ƙi haɗuwa. Maganinsu a saka ƙarfen garma a wuta ya yi ja ana burkawa, wai ita zai ƙona. Baƙo ma in ya shigo, dole ya kama muciyar ya buga. Ni dai na ce gangar ce ba a wanke da tafasasshen ruwa ba, ko nonon ya yi sanyi. Wajen digiri 15 na ma'aunin Celsius yake so, ko Bafillatana ta san wannan, amma sai a ɗora wa tsohuwa.

Wutar bikin kuwa, tun wajen shekara ta 900 aka rubuta cewa ana kora shanu tsakanin wuta biyu don kare su daga cuta. A tudun Uisneach da ke tsakiyar Ailan an farfaɗo da ita, har shugaban ƙasa na lokacin Michael D. Higgins ya kunna a 2017.  Kuma don Allah a daina haɗa Bealtaine da Ranar Ma'aikata, kwanan wata ne kawai ya zo ɗaya.