Filin Tambayoyinku: 'Yan Shila Biyu da Ɗan Kurciya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Yarona mai shekara 12 ya tara kuɗin yawon sallarsa ya sayo 'yan shila biyu a kasuwar Mai'adua ran Lahadi. Gashi bai gama rufe su ba, ba su iya cin gero da kansu, sai kuka. Na ba su madara sun ƙi. Shekaranjiya kuma iskar hadari ta kayar da sheƙar kurciya daga bedin ƙofar gidanmu, ya tsinto ɗa guda ya haɗa da su. Burinsa su saba da shi har su riƙa sauka a kafaɗarsa. Yaya za mu yi? Daga Maman Abba, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Ki gode wa Allah da suka ƙi madarar nan, cikin tsuntsu ba ya narkar da ita. Gaskiya ne tattabara tana da nata "nonon", wani abu mai kauri kamar cuku da uwa da uba duka suke amayowa daga maƙoƙo a kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa. Amma naku tun da gashi ya fara fitowa sun kai wajen mako biyu, sun wuce wannan matakin. Hatsi suke buƙata, sai dai ba su san yadda ake ɗaukarsa ba.

Ɗan shila ba ya wangame baki a zuba masa. Shi ne yake cusa bakinsa cikin na iyayensa. Muna yara a Ƙofar Marusa, gero muke gumtsa mu miƙa musu leɓe su yi ta zura. Ni ma na yi, amma ban yarda Abba ya yi ba, ana ɗaukar cuta ta nan. Ya jiƙa gero da dawa da ɗan fasasshen wake tun da dare. Da safe ya ɗora ɗan shilan a cinya kan tsumma, ya sa bakinsa tsakanin yatsu biyu. Zai ga ya buɗe da kansa yana karkaɗa fiffike, sai ya riƙa tura ƙwaya kaɗan-kaɗan. Sau uku a rana ya isa. Ma'auninsa maƙoƙon nan da ke ƙasan wuya: in ya cika ya yi laushi kamar ƙullin gero a leda, a tsaya. In ya yi tauri kamar ganga an wuce gona da iri. In kuma aka tarar abincin ɗazu bai sauka ba, kada a ƙara wani a kai, a ba shi ruwa mai ɗumi a jira.

Ruwan ma ba a ɗura shi, yana iya bi ta hanyar numfashi. A tsoma ƙarshen bakin a murfi, kada ya kai hanci. Tattabara zuƙa take yi, ba ta ɗaga kai kamar kaza.

To, batun kafaɗa. Ita tattabara, sabonta a cikinta yake. Wanda ya ciyar da ita tana jin yunwa, shi ne uwarta. Abba kaɗai zai riƙa ba su, a lokaci guda kullum, kuma kafin ya ba su ya kaɗa gwangwani da 'yar dawa a ciki. Wasu fito suke yi, amma na san iyaye mata da fito a cikin gida, shi ya sa na ce gwangwani. In sun kai mako huɗu ya zuba gero a faifai yana ƙwanƙwasawa da yatsa, za su kwaikwaya. Daga nan abinci ya koma tafin hannu, sannan ya riƙa ɗaga hannun sama-sama har kafaɗa. Kada ya taɓa bin su da gudu, kada ya cafko su ta sama. Abin da ke zuwa ta sama a wurinsu shaho ne, kuma ba su mantuwa.

Ranar da zai fara sakinsu, ya bari sai bayan la'asar, ba su ci ba. Za su hau katanga su ƙare wa gida kallo, ya kaɗa gwangwani su sauko. Ba sai an fige musu fiffike ba. Manya ake yi wa haka, don su ne ke komawa gidansu na da. A rufe akurki da dare saboda muzuru da gafiya, a yafa masa tsohon gidan sauro, domin sauron damina ne ke kawo musu ƙurajen nan na baki da ido.

Kurciyar kuwa a raba ta da su yau. Sun fi ta girma, za su tattake ta, sannan tsuntsun daji yakan zo da ciwon nan mai sa wani abu rawaya a maƙogwaro, wanda ke yaɗuwa ta kwanon ruwa. Da ni ne, ƙaramin kwando zan ɗaure a reshen bedin in sa ta ciki in koma gefe. Sau da yawa iyayen suna nan kusa, kuma ɗan kurciya da wajen mako biyu yake barin sheƙa. In yini ya wuce ba su zo ba, sai a ciyar da ita jiƙaƙƙen gero zalla, da hannu mai sauƙi.

Sai dai ki shirya wa Abba zuciyarsa. Na taɓa rainon wata har tana kwana a kan ƙusar da nake rataye hula. Kakata ta tsane ta, wai kurciya a ɗaki sai ka ce wanda za a yi wa asirin barin gari. Wata bakwai muka yi. Wata safiya wani namiji ya yi kuka a kan tsamiyar maƙwabta, ta fita ta taga, na yi ta kaɗa gwangwani har azahar.