Ga waya a hannu, me zai kai ni majalisin hadisi?

Ɗan'uwa, ka ce wayarka cike take da karatun malamai, to me zai fitar da kai zuwa majalisin hadisi bayan magariba a nan Gombe?

Waya ba ta gyara maka wasali. A majalisi kuwa, mai jan baƙi na karantawa malam zai tare shi kan fataha ɗaya da ta juya ma'ana, ya kuma faɗi ko hadisin ingantacce ne ko mai rauni. Abin da ya shige maka duhu, nan take ka tambaya.

Sai dai kada ka faɗa cikin littafin Bukhari kai tsaye. Fara da Arba'una ta Imam Nawawi, hadisai 42 ne kacal. Kuma haddace hadisi ɗaya ba ya sa mutum ya fara ba da fatawa. Maganar saki ko rabon gado, kai ta gaban malamin fiƙihu.